Gayyar Mutum Ɗaya

"Ba ni komawa Ikko, Baba."

Bunyaminu ne ya faɗi haka, yana durƙushe a zauren Ɗanmaliki, mahaifin Sabuwa, yarinyar da ya shekara uku yana nema.

Ɗanmaliki ya aje carbi. "Sake faɗi in ji."

"Ba ni komawa."

"Wata ɗaya da sauke tutar Turawa! Kujerunsu na nan ba kowa, yaran da ba su kai ka ba suna ta hayewa, kai ko ka ɗauko akwati ka dawo Kaoje? Ni akawun gwamnati na yi wa alkawarin ɗiyata. Har Dahomai na kai labari!"

"Ni ne dai, Baba."

"Kai ne? An ce likitan mahaukata ka gani can. Ƙarya ne?"

"Gaskiya ne."

Tsohon ya ɗauki carbinsa.

"To, tunda noma kake so, ga fadamata can bakin kogin Kwara. Shinkafa ta nuna, ruwa na tasowa. Ka kira gayya, ka taro abokanka su yi wa suruki aiki kamar kowane mai neman aure a garin nan. In ruwa ya riga ka, kada ka sake taka zauren nan."

Bayan la'asar Sabuwa ta fito zance. Ba ta shimfiɗa tabarma ba, tsaye ta yi jikin katanga, idonta jajir.

"Kowa ya ji labarinka ban da ni. Mi ya same ka?"

Ya sunkuyar da kai. Maganar ta yi masa nauyi, amma ya daure.

"Kullum in tashi, in bi motar haya, in zauna gaban tafireta har yamma. Baturen ofis ya ce sunana ya yi tsawo, ya mai da ni Ben. Wata rana ina buga takarda sai na dubi hannuna... na rantse miki, Sabuwa, kamar hannun wani. Abinci ba ɗanɗano. Ƙofar mota ta datse mini yatsa, na tsaya ina kallon jinin, ban ji komai ba. Wani ɗan Bagudo ya gan ni a tashar jirgi, ya yi ta kiran Bunyaminu, Bunyaminu... ban waiwaya ba. Ban san da ni yake ba."

"Shi likitan mi ya ba ka?"

"Ba ƙwaya, ba allura. Duk Talata in zauna in yi ta magana, shi yana saurare. Ya ce ba hauka ba ne, mutum kan ɓace wa kansa cikin hayaniya. Ya ce in nemi aikin da zai gajiyar da jikina, in kuma nemi wanda ya san ni tun da, in riƙa faɗa masa abin da ke raina."

"Shi ke nan?" Ta share ido da bakin mayafi. "Ni na san ka tun kana yawo da majina har baki. Ka faɗa mini."

"Masoyiyata, in Baba ya hana..."

"Ka kira gayyarka. Ni zan yi tuwo."

Gida ashirin ya shiga. Samari ashirin suka ce Allah ya kai mu.

Ranar gayya ya tsaya bakin fadama tun hantsi bai fito ba. Ba wanda ya zo. Ya san dalili, don ya ji wata uwa ta bayan zana tana cewa ɗanta ba ya zuwa kusa da mai taɓin hankali da lauje a hannu.

Ya naɗe wando ya shiga.

Laka ta kama shi har ƙwauri. Ya yanka, ya ɗaure, ya aje. Tafin hannun da ya saba da takarda ya yi bororo, ya fashe. Ruwan Kwara kuwa ya riga ya lashe kunyar ƙarshe ta gonar, yana matsowa a hankali.

Da rana ta take sai ya hango Sabuwa. Ƙaton akushi a ka, tukunyar miya a hannu, bayanta mutane rututu, har da samarin da suka yi masa alkawari. Ɗanmaliki na can ƙarshe da sandarsa.

"Wa zai ci wannan duka?" ya tambaye ta.

"Na mutum ashirin aka ce, na mutum ashirin na yi. Ta tsakiyar kasuwa na biyo, don kowa ya gani."

"Sun yi miki dariya?"

"Awo. Haƙoransu ne."

Ya juya ya damƙi shinkafa, idonsa na kanta. Lauje ya zame, ya tsarge masa tafin hagu.

Zafi ya harbe shi har ƙwaƙwalwa. Ya saki ƙara, ya riƙe hannun, jini na bin gwiwar hannunsa... sai kuma dariya ta ƙwace masa. Dariya sosai, har da hawaye.

Mutane suka ja da baya.

"Kun gani!" Ɗanmaliki ya ɗaga sanda. "Mai hankali na dariya da jininsa? Sabuwa, wuce gida!"

"Zafi nake ji, Baba!" Bunyaminu ya ɗaga hannun sama. "Shekara biyu rabona da jin zafi. Wanga hannu nawa ne! Ku kira shi hauka in kuna so, ni dai na san yau ni ne tsaye a nan."

"Na ce ki wuce!"

Sabuwa ba ta wuce ba. Ta yage bakin zanenta, ta ɗaure masa hannun tamau. Ta tsamo laujen daga laka, ta tattare zane zuwa gwiwa, ta shiga cikin shinkafa.

Ba a taɓa ganin budurwa ta yanki shinkafar gayyar aurenta ba.

"Ke! Kunya za ki ba ni gaban jama'a?"

"Ka ce kafin ruwa, Baba. Ba ka ce da hannun wa ba. In an gama ka cika alkawari, in ba a gama ba ruwan ya same mu tare."

Bunyaminu ya bi bayanta yana tattara abin da ta yanka da hannu ɗaya.

Ɗanmaliki ya sauke sanda. Ya dubi ɗiyarsa cikin laka, ya dubi ruwan, sannan ya juya kan samarin nan.

"Ku kuma uban mi kuke kallo? Ƙarti ashirin, ɗiyata na yanka kuna tsaye? Marasa kunya! Ku shiga!"

Ɗaya ya tuɓe riga. Saura suka bi, wasu suka ruga gida ɗauko lauje.

Kafin rana ta yi ja an ɗora damin ƙarshe bisa tudu. Ruwa ya shigo ya tarar da kututture.

Ɗanmaliki ya zagaya dammunan yana zungurinsu da sanda. Bai dubi Bunyaminu ba.

"Ɗaurinka ba kyau," ya ce. "Ka turo manyanka ran Juma'a."

Ya yi gaba abinsa.

Sabuwa ta zauna bisa dami, laka har fuska. Ta jawo hannun Bunyaminu, ta danna ɗaurin da babban yatsa.

"Da zafi?"

"Wayyo! Da zafi mana!"

"Madalla," ta ce, ta sake dannawa.