Turke a Gindin Tsamiya

"Ba ni bari," in ji Hamdiya, taɓarya a hannu. "Geronmu, ƙofar gidanmu. Kai wa?"

"Minti biyar kawai, don Allah," Mannir ya ce. "Sussukarki na girgiza ƙasa. Allurar na'urata ta ƙi tsayawa."

"To ita ka ba haƙuri."

Mannir ɗan Tambuwal ne, ɗalibin jami'a. Malaminsa ya turo shi Kebbe da wata na'ura mai kama da tukunyar ƙarfe, wadda ke auna ƙarfin da ƙasa ke jan abu da shi. Inda dutse mai nauyi ya matso sama, jan yakan ƙaru kaɗan. Inda yashi ya yi kauri, sai ya ragu. Da haka ake zana abin da ke can ƙasa, inda ido bai taɓa zuwa ba.

Ta dai jingine taɓaryar. Ta leƙa. Wani siririn haske na rawa cikin gilashi, a hankali ya natsu. Ta ɗago, suka haɗa ido. Lambar da ya karanta ta ɓace masa.

Ƙa'idar aikin ce duk bayan awa uku ya dawo inda ya fara ya sake awo, don na'urar takan zame. Inda ya fara kuwa, inda ya kafa turke, gindin tsamiyar gidan su Hamdiya ne. Sau uku a yini. Ran kwana na shida ta ba shi lambar wayarta.

"Tauraruwata," ya rubuto, "yau na auna wuri goma sha ɗaya. Duk inda na durƙusa, tsamiya nake tunani."

"Mai Allura, ƙarya kake. Kunun Inna kaka biyowa. Ka sa hula, rana ta yi zafi."

Ran kwana na ashirin ya tarar babu turke. Mahaifinta, Malam Lauwali, tsohon mai haƙar rijiya, shi ya tumɓuke shi.

"Zinari yaron nan ka nema," ya ce wa 'yarsa. "Mun ga garuruwan da aka samu zinari. Ina mutanensu yau? Kar in ƙara ganinai nan. Ke kuma kin gama magana da shi."

Saƙonta gajere ne: "Baba ya hana. Kar ka kira. Ina nan."

Kwana tara. Mannir na auna hanyar Kebbe, lambobi na cika littafi, babu wanda zai gaya wa. Ita kuma in ta ɗaga taɓarya sai ta tsaya, kamar wani zai roƙe ta minti biyar.

Ran na goma ya tuɓe takalmi a zauren Malam Lauwali.

"Baba, laifina ne. Na kai wa hakimi takarda, ban gaishe da mai ƙofa ba."

"Zinari fa?"

"Na'urar ba ta ganin shi. Dutsen ƙarƙashi take bi. Nan Kebbe yana kusa. In an miƙa wajen Tambuwal sai ya yi ta nutsewa, yashi da laka su rufe shi. Malamanmu sun ce teku ya taɓa kwanciya a ƙasar nan."

"Mi kac ce?"

"Teku, Baba."

Tsohon ya shiga gida, ya fito da ƙullin tsumma. A ciki, farin dutse mai siffar katantanwa.

"A zurfin gaba goma sha biyar na haƙo shi, wata rijiya bayan Dogon Daji. Shekara talatin ke nan. Na ce abin ruwa ne, abokan aiki suka ce iska ta taɓa ni."

Mannir ya karɓa da hannu biyu. "Babu abin da ya taɓa ka, Baba. Na teku ne."

Malam Lauwali ya kau da kai, ya share ido da bakin riga.

"Mai da turkenka," ya ce. "Kuma hirar gindin tsamiya ta isa. Turo magabatanka."

Bayan babbar salla aka ɗaura aure. Tsohon ya dafa kan 'yarsa. "Allah shi ba ku zaman lafiya, ɗiyata. Shi sa albarka."

Da la'asar motar amarya ta kama hanyar Tambuwal. Gonaki sun shimfiɗu har ƙarshen gani, iska na kaɗa gero yana tashi yana kwanciya. Hamdiya ta ɗan ɗaga mayafi. Ta tuna tekun da Mannir ya ce ya taɓa kwanciya a nan. Gani take kamar jirgin ruwa ke ɗauke da ita, kifaye na gilmawa tsakanin kukoki. Gwaggonninta sun gaji da guɗa, direba na kauce wa ramuka.

A hankali ta ce, "Wai duk ruwan nan, ina ya tafi?"