Tsarabar Sallau Direba

Ku matso nan. Kai Ɗanlami, kashe tocilan ɗin nan, ba wasa na zo yi ba.

Kun san Hansai ta bakin titi, wadda kuke yi wa dariya in tana ɗaga wa manyan motoci hannu? To, ubanta Sallau direban tirela ne, Kano zuwa Fatakwal. Sai a yi wata da watanni ba a ga ƙeyarsa ba. 'Ya'yansa sun fi sanin hon ɗinsa a kan fuskarsa, wani hon mai kama da guɗa. Da an ji shi, uwarsu ta ɗora tukunya. Hansai kuwa sunan mahaifiyarsa ta ci, don haka bai taɓa kama sunanta ba, sai dai "Uwata". Kuma ba ya taka mota sai ta ce masa, "Allah ya kiyaye hanya."

Ana gab da saukar karatunta, lodi ya samu. Ta cika ta yi fam.

"Uwata, ba ki ce komai ba."

Ta juya masa baya. Wallahi ya daɗe tsaye a zaure kafin ya tafi.

Daren sauka, gari ya yi tsit, sai ta ji hon ɗin. Ita kaɗai ta ji. Ko takalmi ba ta sa ba, ta bi tsohuwar hanya, wadda motoci suka daina bi.

Ga mota tsaye. Ba fitila, ba ƙarar inji, ba warin mai. Wani na zaune jikin taya, ya lulluɓe kansa.

"Hansai."

Muryar Baba ce. Amma Hansai? Ta dubi ƙafafunsa. Kofato, irin na jaki.

"Kai ba Babana ba ne."

"A'a. Muryarsa na ara don ki fito."

"Yana ina?"

"Motarsa ta faɗa ƙarƙashin gadar da nake zaune, can kudu. Sauri yake yi. Da ya gan ni, duk halin da yake ciki, sai da ya yi mini sallama. Ya ce in kawo miki wannan."

Ya miƙo leda. Farin mayafi ne na sauka, da kwakwa guda.

"Bai ce komai ba?"

"Ya ce ki yafe masa, ya makara."

Hansai ta zube ƙasa. "Allah ya kiyaye hanya, Baba! Allah ya kiyaye hanya!"

"Yarinya, hanya ta ƙare."

Ta ɗago kai, ba mota, ba kowa. Da hantsi aka bugo wa uwarta waya.

Kwakwar na nan a ɗakinta, ba ta fasa ba har yau. Ranar da na ga kwakwar, sai da na yi kuka.

Saboda haka in kun ji hon da dare a tsohuwar hanya, kada wanda ya fita shi kaɗai. In kuma kun ga Hansai tana ɗaga wa direbobi hannu, ku kama bakinku. Ku saurari abin da take ce musu.