Tabarmar da Mudi Ya Ƙi

A wajen gayyar noman dawa, kusa da Kafur, Mudi ya fara ganin Mero tana raba wa manoma kunu. Zamanin harin Maraɗawa ne, ba a yin nisa da gari. Shi ɗalibin Malam Abdussamad ne, ita kuwa 'yar Sabo ce, Bamaguje mai rumbu bakwai.

"Farin wata, ƙara mini," in ji shi.

"Ƙishi ne, ko neman magana?" ta ce, ta cika masa ƙwaryar.

A ƙauyensu Mero, saurayi ba ya samun mata sai ya yi tsarance: su kwana a tabarma ɗaya, gari ya waye bai keta mata mutunci ba. Da haka ake gwada namiji. Mudi kuwa ya riga ya dafa Alƙur'ani gaban malaminsa, ba zai keɓe da mace ba sai an ɗaura aure.

Da ya nemi auren Mero ya ƙi tsarance, Sabo ya kira shi gindin tsamiya.

"Yaro, mai gudun tabarma bai yarda da kansa ba."

"Gaskiya ne, Baba, ban yarda da kaina ba. Shi ya sa na rantse."

"To ni zan yarda da kai? Tashi."

Damina biyu Mero tana shan gori. A bakin rafi 'yanmata na rera mata waƙar wadda saurayi ya ƙi wa shimfiɗa. Ɗan sarkin noma, mai suna Bature, ya aiko neman aurenta sau uku, ta mayar.

Ran kasuwa ta tare Mudi.

"Kai ka yi rantsuwa, masoyi, ni nake ɗaukar nauyinta. Kai ana ce maka malam, ni ana ce mini ragowa."

Ya sunkuyar da kai. "Ki yafe mini, Farin wata. Ba zan iya karya ta ba."

"Wa ya ce ka karya? So nake ka sani."

Da kaka ta uku Sabo ya gaji, ya kira Mudi. "Ɗauke ta. Ba kiɗa, ba rakiya."

Mero ta karɓi shahada, Malam Abdussamad ya ɗaura aure. Duk danginta, mahaifiyarta Inna kaɗai ta rako ta, da naɗaɗɗiyar tabarma a ka.

"Tun bara waccan na saƙa ta," in ji Inna. "Allah ya ba ku zaman lafiya."

Mero ta shimfiɗa ta, hawaye na zuba.

"Ga abin da ka yi ta gudu. Zauna, malam. Saboda ita na rasa uba da gari guda."