Ganyen da Wulan Ta Yanke

Da tsawa Idrus ya fara yi wa Wulan magana, ranar da ya hango ganyen kwakwa yashe cikin jirginta.

"Ke! Ina kika samo wannan?"

"Ya sarƙe min igiya na yanke. Shara ce, rage murya."

Shara! Ganyen nan alamar sasi ce: muddin yana ɗaure a sandar cikin ruwa, ba mai taɓa katantanwar wurin. Ita kuwa cibiyar binciken teku ta birnin Ambon ce ta turo ta tsibirinsu sauke na'urar auna ɗumin ruwa. Maƙwabta suka ga babu ganye, suka kwashe katantanwar kaf, har 'yan ƙanana.

Da ta gane ɓarnar da ta yi, ta nemi lambarsa don ba da haƙuri. Haƙurin nan dai bai ƙare ba sai da ya zama soyayya.

Mahaifinsa, Bapa Talib, shi ne mai tsaron sasi. Da ya ji zancen aure sai ya buga tebur.

"Wannan mai hannun ƙaiƙayin? Ta mayar da ni abin dariya a kasuwa, kai kuma ka kawo min ita gida? Sai dai bayan raina!"

Idrus ya tura mata saƙo: "Masoyiyata, Baba ya ƙi. Mu gudu Ambon."

Amsa ta zo da zafinta: "Ka raina ni, Idrus. Na yi ɓarna, kuma in gudu da ɗan mutane? Kar ka sake kirana."

Ta kuwa toshe lambarsa. Ya rame, ya daina gaisawa da kowa.

Bayan damina sai ga ta da bokitai cike da 'ya'yan katantanwa da ta reno a tankunan cibiya. Ta nitse ta zuba su, ta ɗaura sabon ganye da hannunta. Tsoho yana kallo.

Ranar buɗe sasi, wato ranar da ake cire ganye a ba kowa izinin ɗiba, mahaifin Idrus ya sa shi ya nitse ya dubo, ya fito da kwando maƙil da katantanwa. Bapa Talib ya daɗe yana juya katantanwa a tafinsa, sannan ya miƙa wa Wulan wuƙarsa a gaban jama'a.

"Ungo, sarkin yanka. Yau da izinina."

Ta yanke ganyen tana kuka.

Ran Juma'a aka ɗaura aure. Tsohon da ya rantse sai bayan ransa, shi ya fi kowa ɗaga murya wajen sa albarka.