Wayar Tsohon Hedimasta

Ƙarfe tara na safe wani tsohon hedimasta ya shigo caji ofis yana dogara sanda. Ya tsaya gaban katangar da aka rataye rigar ruwa, ya gaishe ta cikin ladabi.

"Ga ni ta hagunka, Baba," in ji Sufeto, yana jawo masa kujera.

"To ka gani da idonka, Yallaɓai. Haka nake tun jiya da aka sace min waya."

Tsohuwar waya ce, amma ita ce ganinsa. Wata mai gyara ta cire mata makullin da kamfani ya sa, ta ɗora mata manhajar da ke karanta masa saƙonnin 'yarsa da murya. Jiya ya shiga kasuwar wayoyi, ya dawo gida aljihu wayam.

"Ina da ina ka tsaya?"

"Wajen mai gyarar, sai shagon dillalin da ya sayar min da ita shekara shida da suka wuce. Na je in nuna masa tsohuwarsa ta fara magana."

Sufeto ya ɗauki hularsa, ya ce Saje ya biyo shi da tsohon a mota.

Rumfar mai gyara ba ta fi taku uku ba. Teburinta cike da ƙananan kusoshi da fasassun gilasai. Tana ganin kaki, ta miƙe tsaye.

"Ke kika buɗe wayar hedimasta?"

"Ni caji da gilashi kawai nake gyarawa, Yallaɓai."

Sufeto ya waiwaya. A bencin ƙofarta tsofaffi biyar ne a jere, kowa riƙe da tsohuwar waya. Ya tambayi wata dattijuwa abin da ya kawo ta.

"Irin na hedimasta nake so a yi min, ɗana. Mai surutun nan."

Mai gyara ta sunkuyar da kai. "Ni na yi. Tsoro ne ya sa na musa. An ce min aikin ɗauri ne."

"Wayar sata aka kawo miki?"

"A'a, da hannunsa ya miƙo min."

"Manhajar fa, kwafo ta kika yi ba izini?"

"Kyauta masu ita suka sake ta."

"To ban ga abin kama ki ba, 'yar'uwa. Mutum ya buɗe kayansa, garantinsa kawai ya yar. Wa ya tsorata ki?"

"Dillali. Ɗazu da safe ya leƙo, ya ce hujja na hannunsa, sai ya sa an rufe min rumfa."

Sufeto ya tambaye ta me kuma ta sauya a wayar. Ta ce ta toshe maɓallin kashewa, saboda Baba yana yawan danna shi bai sani ba. Kuma muryarsa kaɗai take amsawa.

"Rufe rumfar ki biyo ni."

Shagon dillali sai ƙyalli yake, sababbin wayoyi a jere cikin gilashi, amma ba mai saye ko ɗaya. Ya tarbi Sufeto da fara'a har kunne.

"Madalla da kuka zo, ranka ya daɗe. Matar nan ɓata kayan kamfani take yi."

"Yaushe rabonka da hedimasta?"

"An fi shekara."

"Wace hujja ce ka ce tana hannunka?"

Dillali ya gyara wuyan riga. "Magana ce kawai. Ku kira lambar mana, in tana nan za ta yi ƙara."

"Mun kira. Wanda ya ɗauka ya cire layin."

Sufeto ya yafito Saje, aka shigo da tsohon. Ya raɗa masa magana a kunne. Hedimasta ya yi gyaran murya irin ta filin taron ɗalibai.

"Ƙarfe nawa yanzu?"

Daga can ƙasan kanta, cikin durowa, wata murya ta amsa a natse: "Ƙarfe goma da minti ashirin, Baba."

Saje ya juya baya, kafaɗunsa na girgiza don dariya. Sufeto ya jawo durowar, ya zaro wayar daga cikin safa biyu da aka cusa ta.

Dillali ya zauna daɓas a kan kwali. "Na yi ta dannawa ta ƙi mutuwa. Jiya mutum huɗu suna cinikin sababbi, tsohon ya shigo yana nuna musu tasa. Duk suka ajiye suka nufi wajen mai gyara. Da ya ɗora wayar a kan kanta yana neman sandarsa, sai na zare. So na yi in kai wa kamfani ƙararta."

"Ita da izinin mai waya ta taɓa," in ji Sufeto. "Kai wa ya ba ka?"

Saje ya sa masa ankwa. A bakin ƙofa dillali ya ja ya tsaya gaban mai gyara, ya rage murya.

"Mahaifiyata ma idonta ya yi rauni. Ko za ki yi mata irin wannan?"

"Zan yi mata," ta ce. "Amma ta kawo da kanta. Ba na karɓar waya daga hannunka."