Ramin da Ke Bayan Rijiya

An kira magariba a Jekadafari, Yuguda bai tashi daga aiki ba. Sana'arsa roba ce. Yakan niƙa tsofaffin tayoyi, ya kwaɓa garin da wani baƙin mai ɗan gidan fetur mai tausasa roba, ya danne a injin zafi, ya fitar da tafin takalmi. In man ya yi kaɗan roba ta tsage, in ya yi yawa ta riƙa gumi a hannu. Wannan kam ya iya, ba mai ja da shi. Jin magana ne bai iya ba. Shekara uku matarsa Kadijatu na cewa, "Malam, ka daina zuba ragowar man nan a ramin bayan rijiya, balle da almuru. Ni fa har ruwan nake jin yana wari." Shi kuwa gogan sai ya ce, "Gidan roba ne, komai wari yake. Ƙasa ce, za ta shanye."

Ranar ya ɗauki bokitin ragowar man da zafinsa ya kwarara a ramin, ko bisimilla babu.

Bai ajiye bokitin ba dutse ya faɗo kan kwanon ɗaki. Sai na biyu. Kadijatu ta leƙa lungu, ba kowa. Gidan ya yi tsit, sannan wani siririn kuka irin na jariri ya taso daga ƙarƙashin ƙasa. Safiyyatu, 'yarsu tilo, tana tsugune tana alwala. Ta saki buta, ta kife.

Kwana tara ba ci ba magana. An kai ta asibiti, an dawo da ita yadda aka kai ta, numfashinta sai warin ƙonanniyar roba. Duk almuru jifa ya dawo. Yuguda ya zama abin tausayi, wallahi. Ya tafi Kwadon ya zube gaban Malam Babayo, mai ruƙiyya, ya ce, "Malam, ita kaɗai gare ni. Tana tafiya ina kallo."

Bayan la'asar Malam Babayo ya iso gidan, ya zauna a kan Safiyyatu ya fara karatu, a hankali, ba gaggawa. Can yarinyar ta miƙe zaune, idonta a rufe, muryar tsohuwa ta fito daga bakinta.

"Ya isa, kana ƙona ni."

"Wace ce ke?" in ji Malam.

"Mai gidan da ke ƙarƙashin nasu. Shekara uku yana mana ambaliyar baƙin mai, muka haƙura. Ran nan da zafinsa ya sheƙa wa ɗana a fuska. Ya ƙona nawa, zan tafi da tasa."

Yuguda ya rarrafo yana kuka. "Ni na zuba! Don Allah ki ɗauke ni!"

"Me zan yi da kai, tsohuwar taya?"

Malam ya ce, "Yarinya ba ta zuba komai ba. Ki ji tsoron Allah." Ya ɗaga murya da karatu har jikin Safiyyatu ya kama ɓari.

"Tsaya! Zan fita. Amma ya kwashe ƙasar ramin da hannunsa, ba shebur, har ya tarar da ƙasa mai tsabta. Injin kuma ya bar gidan nan."

Injin nan shi ne cinsu, shi ne shansu. Yuguda bai ko dubi inda yake ba. "Na yarda."

"Mai kukan 'ya," in ji muryar, tana nisa, "je ka ga abin da kake ba ta."

Safiyyatu ta yi atishawa sau uku, ta sulale jikin uwarta. Da ta buɗe ido, da ƙyar ta ce, "Baba, ruwa."

Da gudu ya isa rijiya, ya jefa guga, ya jawo. A ɗan hasken da ya rage ya duba ciki. Mai ne kwance a saman ruwan, yana ƙyalli, shuɗi da kore. Ashe ƙasa ba ta shanye ba, nan ta juyo da shi.

Ya tsaya da gugan a hannu, ya kasa gaba ya kasa baya. Daga ɗaki yarinyar ta sake kira.

"Baba, ruwan fa?"