Kuluwa da Mai Ƙahon Tashar Marke

Ku matso kusa, ku rage murya. Labarin Kuluwa zan ba ku, ta Sabon Garin Zariya, wadda ta je warware ciniki da wanda ba mutum ba.

Kuluwa 'yar Sajan Bawa ce, tsohon ɗan badujala. Da ya ajiye aiki sai ya buɗe 'yar rumfa, yana sayen tsofaffin ƙahonin badujala, ya gyara, ya sayar wa makarantu da masu wasan biki. Allah bai ba shi ɗa namiji ba, sai ya koya wa 'yarsa. Da ya rasu ita ta gaji rumfar. Mutane suka yi ta surutu, wai ina mace ina guduma da dalma. Ta bar su da bakinsu.

Cikin ƙahonin nan duka, wanda ta fi sani shi ne turombon, dogon nan na tagulla da ake zuge bututunsa gaba da baya. A rumfar, mai zuge suke ce masa. Idan aka kawo mata na hannu, ƙyallinsa ba ya ruɗarta. Bututun take fara zarewa, ta ɗaga shi saitin haske ta leƙa ciki. Ta bi shi da yatsa ko ya lotsa. Ta shinshina, don tagullar da ta fara cinyewa daga ciki tana da warinta. Sai ta gama wannan duka take yarda a sa masa baki.

Mijinta Sallau shi ne mai busawa. Ƙato ne mai faɗin ƙirji, ga fara'a, ga son mutane. Aibinsa ɗaya, gaggawa.

Wata rana wani baƙo ya tsaya a rumfar, ya ce akwai wani tsoho a Tashar Marke, tsohuwar tashar jirgin ƙasa da aka daina tsayawa, yana da mai zuge tun na zamanin Turawa, kamar yau aka ƙera shi, kuma da arha zai sayar. Kuluwa ta ce wa Sallau ya bari ta gama aikin da ke hannunta su tafi tare. Ya ce to. Tana juya baya ya kama hanya.

Washegari wani direban motar itace ya kawo shi. A bakin layin dogo ya tsince shi zaune, ya zuba wa ƙasa ido. Ba rauni a jikinsa, ba zazzaɓi. Amma numfashinsa ya koma kamar na ɗan tsako. Murya babu. A asibiti aka duba ƙirjin, aka ce ba a ga komai ba. Aka yi tofi, aka sha rubutu, aka yi hayaƙi. Kullum ƙirjin nan ƙara shigewa yake. Mutumin da ke kwana yana busa a gidan biki, sai ga shi ba ya iya hura koko ya huce.

Wata safiya ya jawo gefen zanenta. Ta kara kunnenta a bakinsa.

“Na busa,” in ji shi. “Sau ɗaya. Iskar ta tafi, ba ta dawo ba.”

'Yan'uwansa suka ce ta bar wa Allah, wurin nan ba wurin zuwa ba ne. Ta ce ai ta bar wa Allah, shi ya sa ma za ta je. Ta damƙa Sallau a hannun maƙwabciyarta, ta ɗauki jakar kayan aikinta da gorar ruwa, ta yi ɗamara da gyale.

Mota ta sauke ta a mararraba. Mai babur ya kai ta bakin wata gada ta layin dogo, ya ce iyakarsa ke nan, ko nawa za ta ba shi. Ta sauka ta bi layin da ƙafa.

Rana ta yi ja lokacin da ta hango tashar. Rufin ya daɗe da tafiya. Wani ƙaton marke ya tsiro ta tsakiyar ɗakin sayar da tikiti, ya fasa bango. Ba kukan tsuntsu. Sawun awaki da ta yi ta gani a hanya, a nan ya tsaya cak, kamar an ja musu layi.

Tsohon na zaune kan bencin fasinja. Farar riga ce a jikinsa, wankakkiya tas, doguwa har tana jan ƙasa. Baƙin akwati a kan cinyarsa.

Ta yi sallama. Bai amsa ba.

“Kin iso, 'yar Sajan.”

Leɓensa ya gama motsi kafin maganar ta zo. Kuma ba daga bakinsa ta fito ba. Daga bayan kafaɗarta ta hagu ta fito.

Ba ta waiwaya ba. Ya gyara zama, bakin rigar ya ɗan ɗaga. Kofato ta gani, irin na jaki, biyu, a jere a kan siminti.

Don kada ya ga tsoronta, sai ta tsuguna a gabansa, ta buɗe jakarta, ta shiga fito da kayan aiki ɗaya bayan ɗaya, yadda take yi wa kowane dillali. Ta ce masa ta zo warware cinikin da ya yi da mijinta.

Ya yi dariya, dariyar ma ta bayanta ta zo. Ya ce ba wanda ya tilasta wa mijinta. Shi ya ɗauka da hannunsa, shi ya busa. A nan kuwa, wanda ya gwada ya saya, kuma da abin da ya zuba a ciki yake biya.

Ta ce a kowace kasuwa, tasu ko ta mutane, kayan da aka ɓoye aibinsa ana mayar da shi.

Daga tsohon ɗakin ajiyar kaya da ke bayansa ta ji wani sauti ƙasa-ƙasa, kamar mutane da yawa na ƙoƙarin jan numfashi suna kasawa.

“Ƙahona ba shi da aibi.”

“Ni zan faɗa, ba kai ba.”

“To, duba. In kin samu, na mayar masa da numfashinsa. In hasken nan ya ƙare ba ki samu ba, ke ma za ki busa.”

“Buɗe akwatin, Baba.”

Ya buɗe. Kuluwa ta riƙe ƙahoni iri-iri tun tana ƙarama, ba ta taɓa ganin kamarsa ba. Tagullar kamar zuma a rana. Da ta ɗauka sai ta ji shi da ɗumi, ɗumin jikin mai rai. Yana ɗan kumbura a tafin hannunta, yana sacewa. Ta ƙi sakinsa.

Ta zuge bututun. Ya tafi sumul, ya dawo sumul, ba ko kakarewa. Ta zare shi ta bi da yatsa daga wannan kai zuwa wancan. Ba lotsawa. Ta duba buɗaɗɗen bakin, ta ƙwanƙwasa da farce, ya amsa da ƙara mai daɗi. Ta duba kowace mahaɗa, liƙin dalma lafiya lau. Ta shinshina, ba wari. Ta ɗaga bututun saitin rana ta leƙa. Ba ta ga hasken ɗaya ƙarshen ba. Duhu kawai, mai zurfi kamar rijiya. Ta ce wannan aibi ne. Ya ce duhu ba tsatsa ba ne, ba tsagewa ba ne, ta nuna abin da hannu zai taɓa.

Rabin rana ya faɗa bayan itatuwa.

Ya ciro ɗan ƙoƙon busa, wanda ake kafawa a sa leɓe, ya miƙo mata. Sai ta ji leɓenta na ƙaiƙayi. Wani abu a ƙirjinta yana so ya ji muryar ƙahon nan, ko sau ɗaya. Hannunta ya fara miƙewa da kansa. Ta cije leɓe har ta ji gishirin jini, ta danne hannun da gwiwa.

“Kina wahalar da kanki,” in ji muryar, dab da kunnenta. “Busa ɗaya ce.”

Ta dubi ƙahon. A ranta ta ce, abin da ya bi hannun mutane haka ba zai rasa tabo ba. In ido bai gani ba, to an rufe ne.

Ta jawo gorar ruwa. Ta toshe ƙarshen bututun da babban yatsa, ta yi bisimilla da ƙarfi, ta fara tsiyayawa.

Tsohon ya miƙe tsaye. “Ba a zuba masa ruwa.”

“A rumfata ana zubawa.”

Ta cika shi, ta riƙe, ta jira. Saura ɗan jan haske a gindin sama. Tana jin kofato na taka siminti yana matsowa. Ba ta ɗaga kai ba.

Can a lanƙwasar bututun, ta ƙasa, inda inuwa ke faɗawa, wani ɗigo ya fito. Ya tsaya. Ya yi nauyi. Ya faɗi kan zanenta.

Ta sa farce ta kankare wurin. Abin da ya biyo farcen ba tagulla ba ne. Kakin zuma ne, an shafe shi da garin tagulla.

“Ga shi,” in ji ta. “Tsage ne. Ka toshe da kaki kana cutar bayin Allah. Cinikinka ya warware.”

Ta ɗaga kai ta nemi fuskarsa, ba ta same ta a inda ta bari ba. Ya yi tsawo, kansa ya shige cikin rassan marken. Muryar kuwa ta ko'ina take zuwa, daga ƙasa, daga bango, daga cikin haƙoranta. Ya ce ya ji, zai saki numfashin mijinta, ta ajiye masa ƙahonsa ta tafi.

Ta tambaye shi sauran fa, waɗanda take ji a ɗakin can.

“Ba naki ba ne.”

“Naka ne?”

Ta ɗauki tsinken ƙarfen da take goge mahaɗa da shi, ta kafa a tsagen, ta ja da ƙarfinta. Kakin ya fita gaba ɗaya.

Ruwan ya fara zubowa, sai iska ta biyo. Iska mai ɗumi, tana fita da ƙara kamar an huda taya. Ta bi ta fuskarta kashi-kashi. Wata da warin goro. Wata da warin taba. Wata da ƙanshin nono, irin na makiyayi. Sai wata mai ƙanshin kanumfari, wanda Sallau ke taunawa kafin ya yi busa. Ita wannan ta ɗan tsaya a kumatunta, sannan ta wuce ta yi kudu.

Ɗakin ajiyar ya yi tsit. Ƙahon ya yi sanyi a hannunta. Tana kallo ya koma kore, ya lotsa nan da can, ya zama tsohon ƙarfen da ko 'yan gwangwan sai sun yi tunani. Ta ɗora shi kan benci.

“Wannan ko kyauta ba na so.”

Ta tattara kayanta ba gaggawa, ta rataya jaka, ta hau layin dogo. Duhu ya rufe.

Kofato ya biyo ta. Ta taka katakon layi, ya taka na bayansa. Ta san in ta ruga za ta faɗi, in ta faɗi kuwa shi ke nan. Sai ta riƙe tafiyarta ta zuwa kasuwa. Wani sanyi na hura mata ƙeya. Ta ɗaga murya tana karanta Ayatul Kursiyyu, in ta kai ƙarshe ta ce masa macuci, ta sake ɗaukowa daga farko.

A bakin gada takun ya tsaya.

“Za ki dawo, 'yar Sajan.”

“Na gama da kasuwarka,” in ji ta, ta haye.

A wani ƙauye ta kwana, gidan wata tsohuwa da ta buɗe mata ƙofa ba ta tambaye ta komai ba. Da hantsi ta isa gida. Ta tarar da Sallau zaune a tsakar gida, ya gama kwano ɗaya na tuwo yana neman ƙari. Maƙwabciyar ta ce jiya da magariba ya zabura ya tashi da wani irin tari, kamar wanda aka tsamo daga kogi, abin da ya fara cewa kuma shi ne, ina Kuluwa. Sai a lokacin ta zauna a bakin ƙofa ta yi kuka mai isarta. Da ta share hawaye ta yi masa faɗan da har yau bai manta ba. Daga baya labari ya zo cewa wani makiyayi a yankin, da ya daɗe ba ya magana, shi ma a daren ya kira sunan matarsa.

Da ta zazzage jakarta a rumfa, wani abu ya gangaro kan tebur. Ƙoƙon busar nan ne. Da ɗuminsa.

Sallau ya ce a jefa shi a kogi. Aka jefa. Da safe yana kan tebur. Wani malami ya ce a binne shi a bayan gari. Aka binne. Da safe yana kan tebur. Kuluwa ta dube shi, ta ce to, tunda zama yake so, zai zauna. Ta ɗora shi kan maƙera ta bi shi da guduma har ya baje, yadda ba leɓen da zai ƙara shiga cikinsa. Ta kafe shi da ƙusa a jikin ginshiƙin rumfar, can sama inda hannu ba ya kai.

Yana nan. Idan rana ta yi ja, wani lokaci yakan fara fito a hankali, siriri, kamar ana kiran mutum daga nesa. Masu ciniki su daskare. Kuluwa ko ɗaga kai ba ta yi.

“Yi mana shiru,” takan ce. “Muna da aiki.”

Sai ya yi shiru.

Ita ke nan ta je ta dawo. Ku kada ku gwada. Kada ƙafarku ta bi layin Tashar Marke ku kaɗai, balle rana ta yi ja. In kuma wani ya miƙo muku abin busa, kyakkyawa, da arha, a wurin da tsuntsu ba ya kuka, ku dubi ƙafafunsa tukuna, ku kuma rufe bakinku gam.